Ina ake kwana da motar RV in tafiya ta yi nisa?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a Dallas ne ya yi tambayar, yace yana so ya ɗauki hayar RV, wato motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, ya kwashi uwargida da yara uku a hutun watan Yuni su je Grand Canyon, wato babban kwarin nan da ke jihar Arizona, su dawo cikin sati biyu. Abin da yake so ya sani shi ne ina ake kwana a hanya, kuma wai gaskiya ne mutum zai iya fakin duk inda dare ya yi masa ya kwana kyauta tunda gadon ma yana cikin motar?

Toh Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Wannan hanyar taka na bi ta ya fi a ƙirga, da ƙaramar mota da babba, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake ba yadda ake nunawa a hotunan talla ba.

Maganar "duk inda dare ya yi" ka fara cire ta daga ranka. A Amurka babu filin da ba shi da mai shi. Ko na gwamnatin tarayya ne, ko na jiha, ko na gari, ko na kamfani, ko na wani manomi, ko kuma ƙasar ƴan asalin wurin irin su Navajo da za ka ratsa, kuma kowanne da dokarsa a kan kwana. Duk ilimin neman wurin kwana da RV bai wuce ka san filin da tayarka take kai na waye ba, ya yarda ko bai yarda ba, sannan motarka zata iya kai ku safiya a wurin ba tare da an jona mata komai ba? Fataken da ma ba sa yada zango don kawai rana ta faɗi, madugu ya san zangon gobe tun yau, ya san inda rijiya take. Kai ne madugu yanzu.

Bari in fara da motar don ita zata yanke maka hukunci kafin ma ka buɗe taswira. Irin wacce ake bayarwa haya ga iyali mai mutum biyar yawanci ita ce Class C, mai ƙafa 25 ko 30 a tsawo, wacce ke da gado a saman kan direba. Tankin ruwanta mai kyau wajen galan 40 ne, akwai tankin ruwan wanka da wanke-wanke, akwai na banɗaki daban. Galan 40 kamar da yawa ko? Ka haɗa alwalar mutum biyar sau biyar, da buta, da girki, da yaron da zai buɗe fanfo ya tsaya yana kallonsa, kwana biyu ya ƙare, in an matse sosai uku. Mu fa mun fi Turawan nan amfani da ruwa nesa ba kusa ba, duk lissafin da ka karanta cewa tanki yana kai sati ka raba shi biyu. Ni abin da nake yi ina ɗaukar jarkoki biyu daban na alwala, a yi ta a waje in wurin ƙasa ne, tankin ciki ya huta.

Amma babban abin a watan Yuni ba ruwa ba ne, zafi ne. Esin da ke saman rufin motar ba ya aiki da batir. Ko dai ka jona wuta a sansani, ko ka tada janareton motar, shi kuma janareton man tankin motar yake sha, wajen rabin galan a awa, kamfanonin haya da yawa suna cajin kuɗi a kan kowace awa da ya yi, kuma in man tanki ya sauka zuwa kwata zai mutu da kansa, haka aka ƙera shi don kar ya shanye maka man tafiya. Kaga kenan wurin kwanan kyauta a Texas cikin Yuni, a kan kwaltar da ta wuni tana shan rana, da yara uku, ba kyauta ba ne. Araha ba ta ado. Daga Dallas har ka haye tuddan New Mexico ka nemi wurin da ke da wuta, kyautar ka bari sai ka hau sama inda dare ke da sanyi. Flagstaff da bakin Grand Canyon na kudu duk suna wajen ƙafa 7,000 sama da teku, can da daddare har bargo za ku nema a watan Yunin. Phoenix kuwa da take ƙasa, awa biyu da ɗan wani abu kawai tsakaninsu da Flagstaff, tanderu ce. Tsayin wuri ya fi nisansa muhimmanci in kana zaɓen inda za ka kwana da bazara.

Yanzu wuraren. Na farko sansanin kuɗi na ƴan kasuwa, waɗanda ake kira RV park. Nan ne za ka samu abin da suke cewa ful hukof, wato wuta da ruwan fanfo da bututun zubar da ƙazanta duk a gefen motarka, ga wurin wanki, wani lokacin har da wurin ninƙaya na yara. Wanda ya fi suna KOA, tun 1962 suka fara a Billings ta jihar Montana, kuma sun kasa nasu uku: Journey su ne na bakin babbar hanya don mai kwana ɗaya ya wuce, Holiday na zama kwana biyu uku, Resort na masu kuɗin kashewa. Kai Journey kake nema a hanya. In za ka yi bukin za su tambaye ka tsawon motar da kuma ƙarfin wutar da take ɗauka, amp 30 ne ko 50, Class C ta haya kusan duk 30 ce, wato wat 3,600 ke nan gaba ɗaya, shi ya sa in esi na aiki aka kunna makirowef aka haɗa da hita ta shayi sai wuta ta ɗauke, ba lalacewa ba ce, ka je ka tada burekar. Ka kuma roƙi filin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba, pull-through suke ce masa, don sabon direba da ribas ɗin mota mai ƙafa 30 da daddare uwargida tana waje tana "taho taho tsaya", wallahi aure da yawa ya girgiza a nan.

Abu ɗaya game da sansanonin kan I-40, babbar hanyar da za ka bi zuwa yamma, layin dogo na BNSF yana bin hanyar kafaɗa da kafaɗa tun daga Gallup, Holbrook, Winslow, Flagstaff har Williams, jiragen kaya kuma ba sa barci. Kafin ka biya ka duba hoton tauraron ɗan'adam ka ga nisan wurin da dogo, ka karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, na kwanan nan ba na shekara huɗu baya ba.

Na biyu, kuma su na fi so, sansanonin gwamnati. Sun fi araha, sun fi fili, sun fi kyau, matsalarsu cika da wuri. A hanyarka akwai Palo Duro Canyon kusa da Amarillo, na jihar Texas, yana da filaye masu wuta da ruwa, ana buɗe bukin wata biyar kafin ranar. Gangaren shiga cikinsa yana da tsauri, ka sa ƙaramin giya kar ka dogara da birki, kuma ƙasan kwarin ya fi Amarillo zafi sosai don haka in babu fili mai wuta kar ka karɓa. Akwai Santa Rosa Lake a New Mexico, akwai Homolovi dab da Winslow a Arizona, shi ma da wuta, ga kangayen tsofaffin gidajen kakannin mutanen Hopi yara su gani. Wani sirrin da sababbi ba su sani ba shi ne sansanonin Army Corps of Engineers, hukumar injiniyoyin soja da ke gina madatsun ruwa, suna da wuraren kwana a bakin tafkuna, a Texas da Oklahoma da Arkansas suna da yawa, masu tsafta da wuta da rahusa, ana kama su a shafin gwamnati na Recreation.gov. In ka nufi yamma sai su yi ƙaranci, amma ka riƙe sunan don wata tafiyar.

Shi kansa Grand Canyon, a nan ne nake so ka nutsu. Bakin kudu yana da wurare biyu a ƙauyen da ke ciki. Trailer Village shi ne mai ful hukof, kamfani ne ke gudanar da shi, bukin ɗinsa daban. Mather kuma na hukumar gwamnati mai kula da gandun ne, babu wuta babu komai a filin, iyakar tsawon mota ƙafa 30, janareto ma sai a ƴan awannin da aka ƙayyade safe da yamma, amma akwai wurin zubar da tanki da cika ruwa da wanka a kusa, kuma cikin itatuwa yake, barewar nan babba da suke kira elk har gaban motarka take zuwa. Ana buɗe shi wata shida kafin ranar a Recreation.gov. Ma'ana wanda zai kwana tsakiyar Yuni tun tsakiyar Disamba ya kamata ya zauna gaban kwamfuta. In ka makara kar ka yanke ƙauna, mutane suna fasa tafiya kullum, musamman sati ɗaya biyu kafin ranar, ka riƙa leƙawa safe da dare, shafin ma yana da inda za ka sa ya sanar da kai in fili ya buɗe. Akwai kuma Desert View can gabas, mil 25 daga ƙauyen, ƙarami ne shiru.

Shawarata a taƙaice kan bukin: ka kama kwanakin Grand Canyon tukuna, su ne turke, sai daren Juma'a da Asabar duk inda za su same ka, don ƙarshen mako ne wurare ke cika. Litinin zuwa Alhamis a bakin hanya za ka iya bari a sake, ka kira da hantsi ka kama na daren. Masu cika kowane dare da bukin tun daga gida suna wahala, iska ta taso a gabashin New Mexico ta hana ka gudu, ko yaro ya yi zazzaɓi, shikenan duk jerin ya rushe kana ta asarar kuɗin fasawa. Masu tafiya babu bukin ko ɗaya su ma suna wahala, wahalarsu ta fi muni ma. Ka kuma lura in dawowarku zata taɓa 4 ga Yuli, ranar bikin ƴancin kan Amurka, wannan satin ko'ina a cike yake.

Sai na kyauta na gaskiya, wanda ya halatta ba ɓoye-ɓoye. Yammacin Amurka gwamnatin tarayya tana da ƙasa mai yawan gaske, hukumar kula da filaye ta BLM kaɗai tana riƙe da wajen eka miliyan 245, ga dazuzzukan ƙasa na hukumar Forest Service. A mafi yawansu an yarda ka shiga ka yada zango ba ko sisi, yawanci har kwana 14, bundokin masu RV ke kiransa. Babu ruwa, babu wuta, babu kwandon shara, babu mai gadi, kai da Allah. Kuma sa'arka, dajin Kaibab ya kewaye ƙofar kudu ta Grand Canyon, kusa da ɗan garin Tusayan akwai hanyoyin daji irin su 302 da 688 da mutane ke kwana, mintuna kaɗan zuwa ƙofar shiga. Ni a nan na fi jin daɗin kwana a duk tafiyar, ka fito sallar asuba ka ga taurari kamar a ƙauye lokacin da ba a kawo wuta ba.

Amma da sharuɗɗa. Kowane daji yana da taswirar da ake kira MVUM, kyauta ce a shafinsu ko a ofishin ma'aikatan dajin, ita ke nuna hanyar da aka yarda mota ta bi da inda aka yarda a kwana, ka sauke ta a waya tun kana da sabis. Ka tsaya a filin da ka ga alamar an taɓa kwana, kar ka buɗe sabo a kan ciyawa. Yuni lokacin fari ne a can, sau da yawa ana hana hura wuta gaba ɗaya har gawayin gashi, wata shekarar ma a rufe dajin ɗungurungum saboda gobara, don haka ka kira ofishinsu kafin ka dogara da shi. In Yuli ta shiga kuma ruwan damina ya fara, hanyar da ka shiga a bushe da yamma ta zama taɓo da safe, kuma kar ka taɓa kwana a cikin busasshen rafi komai kyan yashinsa, ruwan da aka yi a tudu mai nisa yana iya saukowa cikin dare kai ko hadari ba ka gani ba. Na ƙarshe, ka karanta takardar hayar. Kamfanoni da yawa sun hana hawa hanyar da ba kwalta, inshorar ba ta biya in abu ya faru a can. Wannan ka tambaye su baki da baki ranar ɗaukar mota.

Kar ka ɗauka duk fili fetal da ka gani a hanya na BLM ne. Daga Gallup zuwa yamma da arewa yawancinsa ƙasar Navajo ce, suna da gwamnatinsu da ƴan sandansu, ba a kwana a ƙasarsu sai da izini ko a sansaninsu. Texas kuwa kusan duk ƙasar ta mutane ce, shinge ko ba shinge, kar ka gwada.

Toh, Walmart, don na san ita kake son ji. Eh gaskiya ne an daɗe ana kwana a filin fakin ɗinsu, amma kamfanin ya bar wa manajan kowane shago ya yanke, kuma in garin yana da dokar hana kwana a mota to manajan ma ba shi da ta cewa. Flagstaff na cikin garuruwan da ke da irin wannan dokar, garuruwan yawon buɗe ido da manyan birane yawanci haka suke, kuma shagunan da ke yarda sai raguwa suke yi saboda wasu sun mai da wurin gida. Gidajen abinci na Cracker Barrel su ma da yawansu suna da dogayen filaye a baya na bas da RV, haka shagunan kayan farauta da kamun kifi na Cabela's da Bass Pro Shops. Ƙa'idar ɗaya ce: ka kira shagon da rana ka nemi manaja, ka tambaya, ka riƙe sunan wanda ya ce eh, ka tambayi wane gefe za ka tsaya. Dare ɗaya. Kar ka fito da kujeru, kar ka buɗe rumfa, kar ka hura gawayi, kar ka sauke jak a kan kwalta mai laushi, ka shiga ka yi sayayya, da safe ka ɗaga. Ƙungiyar masu RV ta Escapees da ke Livingston a Texas ɗinku ta daɗe tana yaɗa waɗannan ladubban don kar a rufe wa kowa ƙofa. Baƙo raɓa ne.

Ni an taɓa ƙwanƙwasa min. Shekarun farko ne, na iso wani gari wajen sha ɗaya na dare a gajiye, na ga RV uku a filin wani babban kanti nace tunda ga wasu ai an yarda. Ƙarfe biyu da wani abu sai ga fitila a taga, mai gadi ne, cikin mutunci dai yace duk mu tashi dokar gari ce. Ka yi tunanin tada yara, a ɗaure su a kujera suna kuka, kai kuma ido na rufewa kana neman wani wurin a garin da ba ka sani ba. Laifina ne, ganin wasu a wuri ba izini ba ne, su ma wani suka gani. Tun daga ranar ban ƙara kwana inda ban ji "eh" daga bakin mutum ba, kuma kullum ina da wuri na biyu a rubuce wanda bai wuce rabin awa ba. Mu kuma da muke baƙar fata, ga uwargida da hijabi, gaskiya na fi son duk wanda zai zo ya same ni ina da sunan manaja ko rasit a hannu, magana ta ƙare a minti ɗaya.

Wuraren hutawa na bakin babbar hanya kowace jiha da nata. Texas ta yarda har awa 24, kuma waɗanda ke kan hanyar 287 da za ka bi ta Wichita Falls da Childress masu kyau ne, har da ɗakin fakewa in guguwa ta taso. Kalifoniya awa 8 ne, Filorida awa 3. Allon da ke wurin shi ne alƙali. Na barcin awa uku huɗu ne in ido ya yi nauyi, ba na kwanan iyali ba, ƙarar tireloli ba zata bar ku ba. Gidajen man tireloli irin su Love's da Pilot da Flying J suna da amfani sosai, mai, gas, wanka, wasu da wurin zubar da tanki, Love's ma ta fara gina filayen RV na kuɗi masu wuta a wasu rassanta. Roƙona ɗaya kar ka shiga layin tireloli na baya ka kwanta. Doka ta ƙayyade wa direban tirela awa 11 na tuƙi sannan dole ya huta awa 10, na'ura tana ƙirga masa, in ka cinye filinsa shi ba shi da zaɓi kai kana da shi, kuma ƴan'uwanmu da yawa wannan sana'ar suke yi a ƙasar nan. Ga hayaƙin injinan da ke aiki duk dare, wanda ya kawo ni kan na'urar gano iskar kabon monoksayid da ke cikin motar, ka danna ta ka ji ta yi ƙara kafin ka bar wurin haya, kuma kar ka kwana da janareto a kunne taga a buɗe ta gefen salansarsa, ko kana manne da wata motar da nata ke aiki. Wannan iskar ba ta da wari, a barci take ɗaukar mutane.

Akwai Harvest Hosts, kuɗin shekara kake biya sai ka samu damar kwana ɗaya a gonaki da gidajen tarihi da sauransu, da sharaɗin motarka tana da banɗakinta kuma za ka sayi wani abu a wurin mai masaukin. Da yawa daga cikinsu gidajen giya ne, ka tace ka zaɓi gonaki, yara su ga dabbobi ka sayi zuma ko ƙwai. Don tafiya ɗaya ta sati biyu cikin zafi, kuma yawancinsu ba wuta, ban ga zai biya ka ba. Gidajen caca ma na kan I-40 yamma da Albuquerque suna da filayen RV, wasu masu kyau ƙwarai, ni dai ban kai iyalina, kowa da ra'ayinsa. Abin da na fi yi shi ne masallaci. Amarillo da Albuquerque da Flagstaff duk akwai, in Juma'a zata same ka a ɗayansu ka kira kwana biyu kafin nan ka gabatar da kanka, wani lokacin su ce bismillah ka kwana a filin, wani lokacin su ce inshora ko dokar gari ba ta bari, kar ka ji haushi, ko ba komai za su nuna maka inda ake sayar da naman halal ka cika firij. Cikin Albuquerque kanta dai ka biya sansani mai shinge, gari ne da ya yi suna wajen satar mota.

Manhajojin waya da nake dubawa Campendium da iOverlander da AllStays da RV Parky, ba na yarda da ɗaya sai na gwada da wata, kuma kwanan watan sharhin ƙarshe nake fara dubawa. Su ne kuma za su nuna maka inda ake zubar da tanki, wanda dole ka sa shi cikin lissafin kwana: dare biyu a daji, na uku a wurin da za ka zubar ka cika ka yi cajin batir a yi wanki. Tankin banɗaki ake fara buɗewa sannan na ruwan wanka ya wanke tiyon, ka sayi safar hannu, kuma ko da wasa kar ka zubar a ƙasa ko a kwata, tara ce mai nauyi.

Sai lokacin isa, wanda in ka riƙe shi rabin matsalolin nan ba za su same ka ba. Masu RV suna da ƙa'idar da suke cewa uku-uku-uku, kar ka wuce mil 300 a rana, ka isa kafin ƙarfe 3, ka yi kwana 3. Na ukun ba na mai sati biyu ba ne, amma biyun farko gaskiya ne. Ni nawa lissafin in yi la'asar a inda zan kwana. Abin da Google ta ce awa biyar, a RV da yara awa bakwai ne, ba ka wuce 60 zuwa 65, ga tsayawar mai don motar tana shan galan ɗaya a mil 8 zuwa 10. Dallas zuwa Amarillo wajen mil 360 ne, ya yi yawa a ranar farko da za a ɓata safiya wajen karɓar mota da loda kaya, ka kwana wajen Wichita Falls ko Childress. Daga Amarillo zuwa Albuquerque wajen 290, daga nan zuwa Flagstaff wajen 325, ka raba shi a Winslow ko Holbrook yara su ga Petrified Forest, amma can ba a kwana da mota a ciki, rufe ƙofa suke yi da yamma. Sai mil 80 na ƙarshe zuwa bakin kwarin. Isa da rana yana ba ka damar ganin reshen bishiyar da zai yage rufi, ganin ko filin a karkace yake don firij ɗin gas ba ya son karkata, da kuma ganin maƙwabta, in ranka bai kwanta da wuri ba ka tada mota tun da haske.

Ka rubuta tsayin motar a takarda ka manna a gaban sitiyari, don rumfar gidan mai da gadoji. Agogo kuma zai ruɗe ka, in ka shiga New Mexico ka koma baya awa ɗaya, in ka shiga Arizona ka sake komawa awa ɗaya don su ba sa canza agogon bazara, amma ƙasar Navajo da ke cikin Arizonan tana canzawa, sai ka ga waya tana tsalle gaba da baya. Ofishin sansani da lokacin garinsu yake rufewa, in ka ga za ka makara ka kira su tun da rana, za su manna maka ambulan mai lambar filinka a jikin ƙofa.